Wa Ke Cikin Katanga, Wa Ke Waje: Zanen Tafiyar Kuɗin Ƙungiya

Jawabin da aka yi wa ƙungiyoyin mata masu asusu a Araba, ƙaramar hukumar Illela

Na san wasunku sun baro tukunya bisa wuta, wasu ko dusa ba su ba awaki ba, don haka ba zan ja ku da nisa ba. Yau zane za mu yi. Kada wadda ta ce ita ba ta yi boko ba, wadda ta iya sa wa amarya lalle ta iya wannan. Na zo da kwali da alƙalami, amma ƙasar tsakar gida da tsinke ma sun isa.

Wannan tsarin akwati da muke bi ba daga nesa ya zo ba. A yankin Maraɗi aka faro shi a shekarar 1991, lokacin da ƙungiyar CARE ta zauna da matan karkara aka kafa Mata Masu Dubara. Daga nan ya bazu ƙasashe da yawa. Abin da ya sa ya yi ƙarko shi ne komai a gaban idon kowa ake yin shi. Akwati ɗaya, kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku, akwatin kuma yana kwana ɗakin ta huɗu. A buɗe a gabanku, a ƙirga da ƙarfi, a rubuta, a rufe. Tun da na fara wannan aiki ban cika ganin kuɗin ƙungiya sun ɓace a kan tabarmar taro ba. Inda suke salwanta shi ne bayan sun fita ƙofa: a hannun dillali, a shagon mai POS, a motar da ta ɗauki kaya, a aljihun wanda aka aika. Kuma duk ƙungiyar da ta yi ƙarfi dole kuɗinta su fita ƙofa, don kuɗin da ke kwance cikin akwati ba su haihuwa.

To mu fara. Ku zana babban fili mai kusurwa huɗu, kamar katangar gida. Wannan ita ce ƙungiyarmu. A ciki ku ja layuka kamar kunyoyin gona: kunyar 'yan ƙungiya, kunyar shugaba, ta mai rubutu, ta masu ƙirga, ta mai ajiyar akwati da masu makulli. Kowane aiki a sa shi cikin kunyar mai yin shi. Mace ta kawo zubi, mai ƙirga ta ƙirga ta faɗa, mai rubutu ta buga hatimi a littafinta, kuɗi su shiga akwati. Daga wannan aiki zuwa wancan ku ja kibiya miƙaƙƙiya wadda ba ta yanke ba. Ma'anarta, in wannan ya ƙare wancan ke biye, kuma mu muka tsara haka. Wannan ɓangaren ba shi da wuya, kun fi ni sanin shi, kowane mako kuna yi.

Yanzu sai mutanen waje. Kowane ɗaya a ba shi nasa ƙaramin akwati a bayan katanga, a rubuta sunan aikinsa a kai, ko a yi alama: sikeli ga dillali, waya ga mai POS, taya ga direba. Cikin akwatin kuma a bar shi wayam, kada a zana komai. Tsakaninmu da shi a ja kibiya mai ɗigo-ɗigo, kamar sawun kaza. Wannan kibiyar tana nufin wani abu ya tsallaka katanga, ko kuɗi, ko kaya, ko takarda, ko magana.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ƙa'ida ba. Masu tsara wa bankuna da kamfanoni yadda aikinsu zai gudana suna da salon zane da suke kira BPMN, wanda ya fara fitowa a 2004, aka fitar da sabon bugu a 2011. A cikinsa haka dokar take: kibiya miƙaƙƙiya ba ta ƙetare katanga, mai ɗigo-ɗigo ce kaɗai ke ƙetarewa, kuma wanda ba ka da iko da cikin gidansa ana zana shi a rufe. Su a kwamfuta suke yi, mu a ƙasa, amma hankalin ɗaya ne.

Yaya za a gane wanda ke ciki da wanda ke waje? Ga tambaya mai sauƙi. In muka yanke doka a taro, ta hau kansa? In ya makara, za mu iya cin shi tara? Inna da ke zaune can, in ta zo bayan an buɗe akwati, ta san sai ta jefa kuɗin makara a kwano, ko da ta haife mu duka. Ita tana ciki. Mai POS fa, in ya buɗe shago da azahar, wa zai ci shi tara? Babu. To yana waje. Na ciki muna gaya masa ya yi. Na waje sai dai mu roƙa, mu jira.

Bari in ba ku labarin da ya sa nake dagewa a kan barin akwatin nan wayam. Wata ƙungiya da na taɓa bi, ba zan faɗi garin ba, sun tara kuɗi suka sayi albasa lokacin da ta yi araha, suka zuba a rudu, suka yi ta juyawa suna tsince ruɓaɓɓu har ta yi kuɗi. Aiki mai kyau ƙwarai. Da muka zauna zane, sai suka jawo dillali cikin katanga suka ba shi kunya tasa: ya ɗauki kaya, ya kai kasuwa, ya sayar, ya cire la'ada, ya kawo kuɗi ran Lahadi. Kibiyoyi miƙaƙƙu, ɗaya bayan ɗaya, gwanin sha'awa. Ni ma a lokacin ban ga aibunsa ba, har na yaba musu. Suka sa ranar fasa akwati kafin Sallah bisa wannan lissafi.

Ashe shi dillalin ba haka yake aiki ba. Ya haɗa albasarsu da ta wasu ya ba wani ɗan kasuwa mai kai kaya Kudu, a kan sai ya dawo ya biya. Wannan ba sata ba ce, haka suka saba yi a tsakaninsu. Lahadi ta zo babu kuɗi, wata Lahadin ta zo babu. Sallah ta zo ta wuce ba a raba ba. Matan da suka yi wa yara alkawarin ɗinki suka ji kunya, aka fara zargin shugaba da mai rubutu sun haɗa baki da dillali, alhali ko sisi ba su gani ba. Kuɗi sun zo daga baya, cif-cif, amma mata biyu sun riga sun fita, kuma har yau akwai waɗanda gaisuwarsu ba ta koma yadda take ba.

Kun ga inda kuskuren yake? Abin da suka zana cikin kunyar dillali ba saninsu ba ne, fatansu ne. Da ka zana fata da miƙaƙƙiyar kibiya, sai ido ya ɗauka tabbas ne. Da sun bar shi a waje a rufe, da sun ga abin da ke hannunsu kaɗai: buhuna sun fita, sai kibiyar da ake jira ta dawo da kuɗi. Kuma da wata ta tambaya, to yaushe za ta dawo, wa ya ce, a gaban wa?

Saboda haka kowace kibiya mai ɗigo-ɗigo sai an tsaya a kanta an yi mata tambayoyi. Me ke wucewa, kuma nawa ne? Wace ce a cikinmu ke miƙawa ko karɓa? Ba "ƙungiya" ba, ƙungiya ba ta da hannu, sai an faɗi kunyar da kibiyar ta tashi. Mece ce shaida, takarda ce, saƙon waya ne, ko mutum biyu ne suka tsaya? Sannan babbar tambaya, wadda aka fi mantawa: kwana nawa za mu jira, in ba ta dawo ba me za mu yi? Wannan ta ƙarshen amsarta cikin katanga take. Ba mu da iko da ranar da dillali zai biya. Muna da iko mu ce buhu ba ya fita sai an ba da rabin kuɗi, ko mu ce ba a sa ranar rabo sai kuɗin kaya sun shiga akwati an ƙirga su. Ku zana wannan a ciki, da miƙaƙƙiyar kibiya, don namu ne.

Mu ɗauki mai POS, tunda yanzu kusan kowace ƙungiya na bi ta hannunsa. A ce ɗiyar wata tana aure a Sakkwato ta turo wa uwarta kuɗin zubi. Kibiyoyi nawa ke nan? An tura wa mai POS, ɗaya. Ya ce sun shigo, biyu. Ya cire ladansa ya ba da sauran, uku. Abin da ke faruwa tsakanin na'urarsa da banki ba mu gani, kada mu zana. In ya ce babu sabis, ba mu da hanyar sanin gaskiya ne ko a'a, kuma ba sai mun yi masa mummunan zato ba. Abin da za mu riƙe shi ne, zubi bai zama zubi ba sai kuɗi sun sauka kan tabarma mai ƙirga ta ƙirga. "An turo" ba ya shiga littafi. Ita kuma 'yar takardar da na'ura ke fitarwa rubutunta yana gogewa in ta daɗe, musamman da zafin nan namu, don haka mai rubutu ta kwafe lamba da adadi da rana a littafi tun ranar.

Mu nan bakin iyaka muna da wani akwatin da matan cikin ƙasa ba su da shi, wato mai canji. Mace ta karɓi rance da naira, ta canza zuwa sefa ta sayo kaya a Konni, ta sayar a kasuwar Illela da naira. In canji ya motsa tsakanin nan da can, riba ta iya zama faɗuwa ba tare da kowa ya cuce ta ba. Farashin canji ba a taronmu ake yanke shi ba. Abin da ke namu shi ne littafi ya tsaya kan kuɗi iri ɗaya. In da naira ake zubi, da naira ake biya, wadda ke da jikar sefa ta canza kafin ta shigo taro.

Akwai kuma abin da ba mutum ba ne da za a aika wa saƙo, labari ne kawai ke faɗowa kamar aradu. Ba sai na gaya wa mutanen Araba ba. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020. Aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, aka sake rufewa har zuwa Maris 2024. A tsakani ga canjin takardun naira, wanda Babban Banki ya sanar a Oktoban 2022, farkon 2023 tsabar kuɗi ta yi wuya, mutane na kwana a layi, masu akwati cike da tsofaffin takardu suka rasa barci, sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris cewa a ci gaba da karɓar su. Waɗannan ba mu ba su akwati. Ku yi alamar tauraro a gefen kwali, ku ja layi zuwa aikin da za su tsayar. Amfaninsa a tambaya tun ana zaune lafiya: in boda ta rufe gobe, mata nawa cikinmu ne sana'arsu za ta tsaya lokaci ɗaya? In kusan duk rancen da ke waje kan kayan Konni yake, to ƙwanmu duka cikin kwando ɗaya suke, sai a yi tunani kafin a ba da na gaba.

Wata za ta ce, to jami'an kwastan fa, mu zana su? In direba ne ke magana da su, ku ba ku taɓa haɗuwa ba, to suna cikin rufaffen akwatin direba. Ku dai kun ba shi kaya da kuɗin mota, kuna jiran kaya su sauka. Wanda hannunku ke taɓa nasa kai tsaye shi kaɗai ake zanawa. In ba haka ba sai kwali ya cika da mutanen duniya, a rasa gane komai.

Yanzu ga wurin da ake yin shiru in na zo kansa. Maigida. Na ga wasu sun fara murmushi. Iyayena, maigida yana da girmansa, da izininsa yawancinmu muka fito, kuma ƙungiyar da ta raina mazan 'ya'yanta ba ta daɗewa. Amma a wannan zane yana bayan katanga, don ba ya zubi, ba ya cikin taro, ba ma cin shi tara. Sa shi a waje ba raini ba ne, ai mai unguwa da liman ma can suke. Abin lura shi ne inda kibiyarsa ke sauka. Tana sauka kan kunyar matarsa, ba kan akwati ba. Sau da yawa mace kan karɓi rance ta miƙa wa maigida ya sayi taki ko man injin ban ruwa. Wannan tsakaninsu ne, Allah ya sa albarka. Amma wadda ƙungiya ta sani ita ce wadda ta karɓa. Ran biya ba za a ce a jira sai ya sayar da wake ba, kuma ba za a tura masu makulli su yi masa sallama a zaure ba. Ki sani tun kafin ki miƙa hannu. In kin san kuɗin ba a hannunki za su juya ba, ki faɗa a taro, a duba ko za a rage adadin ko a daidaita lokacin da girbi. Faɗin gaskiya a nan ya fi kuka daga baya.

Yarinyar da ake aikowa da zubi fa, daga gidan da uwar ba ta fita? Ita ba 'yar ƙungiya ba ce, kuma ba ta da akwati a waje. Ita ce kibiyar kanta. Uwarta na ciki, da kunyarta da littafinta. Don haka a ƙirga kuɗin a gaban yarinyar, a buga hatimi, ta koma da littafi uwar ta gani da idonta. Kuma ba a ba 'yar aike rance, ba a tambayarta ra'ayi a madadin uwarta.

Akwai mai hula biyu. A ce ƙungiya na kiwon raguna don Layya, kuma ɗaya daga cikinku ce ke sayar da dusa da harawa. Ran taro tana ciki. Ran da take sayar wa ƙungiya dusa tana waje, a zana ta sau biyu. A yi ciniki da ita kamar yadda za a yi da baƙuwa, a ji farashin kasuwa, kuma kada ita ce za ta ƙirga kuɗin da za a biya ta. Haka in ɗan shugaba ne mai POS ɗin. Ba don ana zarginsu ba, don a tsare musu mutunci ne, kar wata rana a ce.

Saura akwati ɗaya, ku zana shi da kyau. Namu ne, mu ma'aikatan da ke zuwa koyar da ku. Ni da ke tsaye gabanku a waje nake. Ba na zubi, ba na riƙe makulli, kuma ranar da na ce ku ba ni kuɗin akwati in ajiye muku, ku hana ni, ku kai ƙarata ofis. Abin da ke wucewa tsakaninmu horo ne daga gare mu, da alƙaluman da muke kwafa daga littafinku. Kuɗi ba su cikin wannan kibiyar, ko ta nan ko ta can. Zango ɗaya, wata tara zuwa shekara, za ku fasa akwati, zuwanmu ya ragu, katanga ta tsaya da ƙafarta.

Wannan ne ma zai tsare ku daga masu zuwa da jaka da katin wuya su ce an turo su daga gwamnati ko wata ƙungiya, za a ba mata tallafi, a kawo kuɗin fom da lambar BVN da ta NIN. Ku ɗauko kwalinku ku duba. Yana ciki? Ba ya ciki. Sabon akwati ne, kuma kibiyar farko da yake nema ta fita ce daga gare ku, ba ta shigowa ba. Ku ce masa ƙungiya ba ta yanke magana sai a taro, ya dawo mako mai zuwa, kafin nan a tambayi mai unguwa, a kira mu. Mai gaskiya zai dawo. Lambar sirri ta kati kuwa ba ta da kibiya ko kaɗan, ba ta tsallaka katanga zuwa wurin kowa, ko ma'aikacin banki ne.

To yanzu ku rabu gida uku. Kashi na farko su zana tafiyar rance, daga roƙo har biya. Na biyu su ɗauki sana'ar da ƙungiya ke yi tare, albasa ce ko kiwo ko man gyaɗa. Na uku su zana kuɗin taimakon juna, daga ranar da aka ce wance ba lafiya har kuɗi su isa hannun mai kemis ko asibiti. Ku fara da katanga, sannan akwatunan waje, kibiyoyi daga ƙarshe. Duk kibiya mai ɗigo-ɗigo da kuka kasa faɗin kwanakin jiranta, ku ɗora mata tsakuwa, zan zagayo mu duba tare. In an gama, mai rubutu ta kwafe a kwali, a naɗe a sa cikin akwati tare da littafi, duk ranar da za a fitar da kuɗi waje a shimfiɗa shi tukuna. Gwaggo, ga tsinke, ke za ki ja mana katangar farko.